Wuƙar Kawu da Tiyon Garin Jika

Garin Jika, 9 ga Oktoba, 1967

Zuwa ga Kawu Mailafiya, a Nguru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Sakinatu da yara. Mu nan lafiya lau. 'Yar'uwarka Indo, innata, ta warke daga ciwon ƙafar nan har ta koma gona, amma ta ce in gaya maka shekara uku ke nan ba ta ga ko goro ɗaya daga Nguru ba. Geron bana ba laifi.

Kawu, abin da na gani ranar Talata da safe shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Bari in fara daga baya kaɗan. Ka san tiyon ƙarfen nan da kuka binne shekara shida da suka wuce, kana shugaban leburori, wanda ke kai ruwa daga injin famfo zuwa kwamin shayar da dabbobi. Tun bazara ruwa ya rage ƙarfi. Inji na ta aiki, kwami ba ya cika. Sai aka ga ciyawa ta yi kore shar a wuri uku bisa hanyar tiyon tun ruwan sama bai sauka ba, raƙuman Rissa, Buzun nan abokinka, suna kiwo a wurin. Mutanen biro, wato ofishin ruwa, suka ce Mato mai gadin famfo ne ke huda tiyo da ƙusa yana shayar wa Rissa a ɓoye. Jandarma sun zo sun tafi da shi Tanut, yau kwana ashirin da shida. Mato fa, Kawu! Mutumin da ko guga aka manta a bakin kwami sai ya bi mai ita har gida.

An aiko wani ma'aikaci daga Damagaram, sunansa Attahir, da akwati biyu, ya nemo inda tiyon ya huje ba sai an tone kilomita biyu ba. Ya ce yana son mutum mai haƙurin tafiya a hankali, maigari ya nuna ni. Ga yadda aikin yake. Babban akwatin mai batir ne, ana ɗaura wayarsa ɗaya a jikin tiyo a gindin famfo, ɗayar a jikin turken ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Attahir ya ce akwatin na zuba wa tiyo wata 'yar wuta wadda ba ta kisa, tana bin ƙarfen har ƙarshensa. Kwaltar da aka shafe tiyon da ita, da tsumman buhun algarara da aka naɗe shi, su ke tsare wutar a ciki, su ne kuma ke tsare tsatsa a waje. Inda kwalta ta ɓare, nan wutar ke tsiyayewa cikin ƙasa. Mu biyu sai mu sa takalma masu ƙusoshi a tafi, waya ta haɗa ni da shi, taki goma tsakaninmu, mu bi kan tiyo, shi gaba ni baya. Ƙaramin akwatin na rataye a wuyansa, da abin saurare a kunne. Da sassafe muke yi tun ƙasa na da raɓa, don busasshen rairayi ba ya ɗaukar wutar. Duk gari aka fito kallo, mata na cewa an ɗaure Manzo kamar akuyar da za a kai kasuwa.

Ranar Talata kunnen Attahir na ciwo, sai ya rataya mini akwatin, na shiga gaba. Abin da ake ji kamar kukan sauro ne, siriri, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Haka muka yi ta tafiya har muka wuce gawon nan da kuka tara tiyo a gindinsa lokacin aiki. Nan take sauron ya zama gyare, ya cika mini kai har na dafe kunne. Na kafa tsinke a wurin. Na yi taki takwas, ya sake. Taki takwas, ya sake. Kawu, sau hamsin da uku, kuma taki takwas shi ne tsawon tiyo ɗaya. Attahir ya karɓa ya saurara da lafiyayyen kunnensa, sai ya zauna a ƙasa ya ce, "Innalillahi. Ni uku aka ce mini."

Muka tona biyar. Saman tiyo lafiya lau, baƙi wuluk kamar jiya aka shafa. Sai da na kwanta na zura hannu ta ƙasa na ji wurin: faɗin tafin hannu, ba kwalta ba algarara, tsatsa ta ci shi. Biyu sun huje, uku saura kaɗan. Duk biyar ɗin a gefen da ke kallon ƙasa suke. Kuma ba ɓarewa ba ce, kankarewa aka yi da wuƙa. A tsakiyar kowane akwai wani siririn layin kwalta da ya rage, kamar wuƙar na da giɓi a baki. Wani tiyon ma saiwar sabara ta naɗe shi, ka ga ba a taɓa tone wurin ba tun da aka binne.

Na ce wa Attahir wannan ba aikin Mato ba ne, wa zai tona ya shiga ƙarƙashin tiyo sau hamsin da uku? Ya ce shi ma haka ya gani, amma biro za su ce Mato ya kankare ne yana shirin hudawa. Ya ce shi dai abin da ya sani, akwatin nan ba ya rufa wa kowa asiri, duk inda hannu ya taɓa kwalta sai ya yi kuka, ko bayan shekara nawa ne.

Shi ne na ce bari in tambaye ka, tunda a gabanka aka binne. Ko ka tuna wani abu? Ko haka tiyon ya zo daga kamfani? Lantana matar Mato kullum sai ta zo wurin Inna Indo ta zauna. Rissa an hana shi kwami, can Tarka yake kai raƙuma su sha. Ya ce in gaishe ka, ya ce har gobe bai manta da wanda ya warkar masa da garke shekarar ƙazuwa ba.

Ɗanka,
Manzo

Nguru, 2 ga Nuwamba, 1967

Zuwa ga ɗana Manzo ɗan Indo.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mai rubutun takardu na bakin tasha ya karanta mini, na sa ya maimaita sau uku. Muna lafiya gaba ɗaya. Ka ce wa Indo goro na nan tafe, ta daina tona mini asiri a takarda.

Manzo, ka cire takalman nan. Yau, ba gobe ba. Wane irin aiki ne za a ɗaure ɗan mutane da waya a zura masa wuta ta tafin ƙafa? Shekara ukun da ka yi a makarantar lakwal wannan suka koya maka?

Kai da kanka ka rubuta akwatin ba ya rufa wa kowa asiri, ya san hannun da ya taɓa kwalta ko bayan shekara nawa. To, ka yi tunani mana. Ta jikinka wutar ke bi kafin ta kai kunne. Jinin da ke jikinka na wa ne? Ni da uwarka ciki ɗaya muka fito. Me ya sa bai yi wa Attahir kuka ba, sai ranar da aka rataya maka? Ka gaya mini tsakaninka da Allah: ya ambaci suna? In ya ambata, wa ya ji ban da kai? Da Hausa yake faɗi ko da Faransanci?

Ka ce musu ƙafarka na ciwo, ka koma gonar uwarka. Batun Mato, Allah ya fid da shi, ai ba a riƙe mutum har abada a kan ruwa. Ni ban tuna komai ba, shekara shida ba kwana shida ba ce. Tiyo kuma ƙarfe ne, ƙarfe na tsatsa.

Kada ka karanta wa kowa wannan takarda. Kada ka gaya wa Rissa ka rubuto mini.

Kawunka,
Mailafiya

Garin Jika, 20 ga Nuwamba, 1967

Zuwa ga Kawu.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, an gama shigar da gero. Inna na gaishe ku.

Kawu, akwatin ba ya magana. Ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci, bai san jinin kowa ba. Bai yi wa Attahir kuka ba don ranar Litinin ba mu kai gawo ba, shi ke nan. Cewa na yi yana nuna inda aka taɓa, ban ce yana nuna wanda ya taɓa ba. Akwatin bai faɗi sunan kowa ba. Takardarka ce ta faɗa.

Wallahi da na rubuto maka ko a mafarki ban kawo ka a rai ba. Na karanta amsarka a tsaye, na sake karantawa a zaune. Daga nan na shiga ɗakin Inna na ɗauko gorar kwaltar nan da ka bar mata, wadda take liƙe tulu da ita. Na ajiye ta a rana har ta yi laushi, na sa tsinke. Akwai zaren algarara a ciki. Na kwatanta da wanda na tsinko daga jikin tiyo, murɗinsu ɗaya. Sai na tuna wuƙarka mai jan kube, wadda in ka yanka mana cuku take barin layi a tsakiya, muna faɗa a kan wa zai ɗauki ɓangaren da ya fi. Sai na tuna shekarar ƙazuwa, raƙuma na ta faɗuwa, kai kana bi garke garke da gora kana shafa musu baƙin magani. Ba wanda ya tambayi inda ka same shi. A da Ila ake ce maka. Daga shekarar nan ka zama Mailafiya, har ni na manta kana da wani suna.

Kwana uku tuwo bai wuce mini ba. Inna ta ɗauka wutar akwatin ce ta taɓa ni, har ta jiƙa mini magani.

Ranar kasuwa na je Tanut na ga Mato. Shara suke sa shi a farfajiyar jandarma. Ya rame, wandonsa da igiya ya ɗaure. Ka san abin da ya fara tambayata? Wa ke zuba wa inji mai. Ya ce in gaya wa wanda aka sa a wurinsa kada ya bar injin ya wuce azahar bai huta ba. Da zan tafi ya ce, "In ka rubuta wa Mailafiya ka ce ya sa ni a addu'a, shi bakinsa na da albarka." Ban san yadda na fito daga wurin ba.

An ce bayan Sallah da mako guda za a kai shi Damagaram gaban alƙali. In ya tafi can, shekaru ake magana.

Ban gaya wa kowa ba tukuna. Kai ka goya ni a wuya, kai ka kai ni lakwal, na fi so ya fito daga bakinka. Zan jira har a ga watan azumi. In ban ji daga gare ka ba, zan faɗa da bakina, kuma ga shi na gaya maka tun yanzu don kada ka ce ta bayanka na bi.

Ɗanka,
Manzo

Garin Jika, 18 ga Disamba, 1967

Kawu, barka da shan ruwa. Muna lafiya.

Yau azumi goma sha shida, ba takarda. Duk motar da ta tsaya sai na je na tsaya wa direba a gaba, har sun fara ce mini ɗan kwastan.

Na ƙara maka kwana uku a kan abin da na ce, sannan na gaya wa Attahir. Ya ce, "Kawunka na jini?" Na ce na jini. Ya ɗauke ni a mota muka je biro a Tanut da gorar. Mutumin da ke bayan teburin ko taɓa ta bai yi ba. Dariya ya yi, ya ce, "Duk mai laifi a ƙasar nan yana da wani kawu a Najeriya. Kun ɗora wa wanda hannunmu ba ya kaiwa don ku fid da naku. Kwalta kuma wane gida ne babu?" Attahir ya ce da shi ai akwatin ya nuna. Mutumin ya ce akwatin ya nuna rami, bai nuna shekara ba.

Ka ga na tona maka asiri, kuma Mato na nan inda yake. Na yi biyu babu.

Inna ta ji. Yau kwana tara ba ta yi mini magana ba, sai ta ajiye mini kunun shan ruwa ta juya. Ban sani ba ko da ni take fushi ko da kai.

Ba ni da sauran dabara. Ranar tara ga watan gobe motar za ta tafi da Mato.

Manzo

Nguru, 26 ga Disamba, 1967

Zuwa ga Manzo.

Salam. Lafiyar jiki muna da ita.

Takardunka biyu rana ɗaya suka iso. Ta fari ta yi wata guda a aljihun direba, motarsa ta mutu a hanya. Ba don in wanke kaina na faɗa ba. Da ta zo a kan lokaci ma ban san abin da zan yi ba.

Mai rubutu ya ajiye alƙalami yana kallona, na ce masa rubuta, duk abin da na faɗa rubuta.

Ni ne. Shekarar aikin nan Rissa ya zo gindin gawo da farar taguwarsa, raƙumar nan, ta sosa jikinta har jini, ƙuda na binta. Na taɓa ganin ana shafa wa raƙumi kwalta a Agadas. Da rana tsaka, Nasaran aikin na barci a tanti, na kankari tiyo ɗaya na narka da man shanu na shafa mata. Kwana goma ta tashi. Sai ga wani, sai ga wani. Mutum ya zo da raƙumi ɗaya tak da yake ci da iyalinsa a kansa, in ce masa me? Na ce musu daga Damagaram nake sayowa. Wurin da na kankare kuma in shafe shi da baƙin tukunya, ranar binnewa in tsaya da kaina a juya shi ƙasa.

Manzo, wallahi na ɗauka kwaltar nan ado ce, kamar fentin mota. Ƙarfe mai kaurin nan, na ce me ƙasa za ta yi masa? Ban san ita ce rigarsa ba.

Kun ƙirga hamsin da uku. Hamsin da huɗu ne. Na ƙarshen yana ƙarƙashin dandamalin siminti na kwamin farko, ta gabas. A makon da aka binne shi muka zuba simintin a kansa, ba kuma wanda ya fasa shi tun daga ranar. Lokacin Mato na Falanko yana noma, sai bayan shekara biyu aka ɗauke shi gadi. Mai dariyar nan ya ce akwati bai nuna shekara ba, to, siminti zai nuna masa.

Ga wuƙar na naɗe a tsumma na ba direba, da goron Indo. Ga kuma yatsana na dangwala a ƙasan takarda. Ka karanta ta a gaban kowa.

Ni ba zan zo ba. Sau biyu na ɗaure kaya na kwance. Tsoro nake ji, ba zan yi maka ƙarya ta biyu ba.

In za ka rubuto, ka sa Ila a bayan ambulan.

Ila

Garin Jika, 8 ga Janairu, 1968

Zuwa ga Kawu Ila.

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Muna lafiya, ina fatan ku ma haka. Saƙo ya iso washegarin Sallah.

Attahir bai koma wurin mai dariya ba, kai tsaye ya wuce ofishin sufurefe, mai mulkin Tanut, da takardar. Shekaranjiya Asabar da hantsi aka turo akawu da jandarma ɗaya, da Mato a bayan mota.

Da ma ba mu bi ta kan dandamalin ba, don ƙusa ba ta kama siminti. Ƙasa kuma yanzu ta bushe ƙaƙas. Sai mata suka yi ta kwara tuluna a gefe da gefe har ta jiƙa, na tsaya ta nan, Attahir ta can, waya ta ratsa kan kwami. Na sa abin a kunne. Ban san abin da nake roƙo ba, ya yi kuka ko kada ya yi. Ya yi. Akawun ya ce a ba shi ya ji da kunnensa, ya sa, ya fizge da sauri ya ce, "A fasa."

Aka kawo guduma. Simintin nan naku mai kyau ne, Kawu, sai da mutum huɗu suka gaji. Da aka kai tiyo na kwanta na share ƙarƙashinsa, Attahir ya zura madubi don kowa ya gani. Faɗin tafin hannu, ja da tsatsa, bai huje ba tukuna, ga layin kwalta a tsakiya. Na kwance tsumma na ɗora wuƙar a bakin wurin na ja ta a hankali. Giɓin ya hau layin ya bi shi har ƙarshe, bai kauce ba ko kaɗan.

Sannan na karanta takardarka, duka, har inda ka ce kana jin tsoro. Da na zo kan farar taguwa Rissa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ja rawaninsa ya rufe har ido, ya ce, "Jikokinta goma sha ɗaya ne a garkena. Ashe rigar ruwanmu na sa musu." Ya ce wa akawun in ana rubuta laifi a rubuta rabinsa a kansa. Akawun ya ce babu gurbin rabi a takardarsa.

A wurin aka sallami Mato. Bai nufi gida ba, ɗakin inji ya fara shiga, ya kasa kunne, ya fito yana faɗa wai an bar bel ɗin inji ya saki. Sannan ya zauna a bakin ƙofa, sai ga hawaye. Wata huɗu ba kwana kaɗan ya yi. Geronsa tsuntsu ya ci rabi kafin mu kai masa gayya. Na tambaye shi ko in gaishe ka. Ya ce, "Bari tukuna." Haka ya faɗa, haka na rubuta.

Akawun ya tafi da takardarka da wuƙar. Ya ce in ka taka ƙasar Tanut za a neme ka. Ban ɓoye maka ba, kai ka san abin da za ka yi da shi. Sababbin tiyo za su zo kafin bazara, Attahir ya ce ni zan bi su da akwatin bayan an binne, ɗaya bayan ɗaya.

Ana shirin watsewa sai ga Inna da gorar nan a hannu. Ta ratsa maza ta ajiye ta a bakin ramin, ta dube ni, ta yi mini magana karon farko tun azumi. Ta ce, "Tashi ka karkaɗe rigarka, ka yi datti." Goron kuma ta aika wa Lantana da shi gaba ɗaya, ko ƙwara ba ta cire ba.

Don kada wani ya kawo maka labarin a karkace, ga waɗanda suka tsaya a wurin: Attahir, da akawun sufurefe, da jandarman da ban san sunansa ba, da maigari, da Rissa, da Mato da matarsa Lantana, da ni ɗanka Manzo, da 'yar'uwarka Indo, wadda ta ce in sa sunanta a ƙarshe, in gaya maka da idonta ta gani.